Tsakanin Dakata da Samaru: yadda na zaɓi jami'a ina tsoron zaman hostel

Tun daga firamare har na gama sakandare, makarantar jeka-ka-dawo na yi. Ƙarfe biyu ina gida, ƙarfe huɗu ina Islamiyya, magariba kuwa ba ta taɓa riskata a waje ba. In an cire kwanan biki ko suna a gidan dangi, wanda ko a can Umma tana ɗakin da ke kusa, ban san wani makwanci ba sai ɗakinmu na Dakata, ni da ƙannena mata. Shi ya sa da lokacin rajistar JAMB, jarrabawar neman shiga jami'a, ya zo a farkon 2023, jarrabawar kanta ba ta dame ni sosai ba. Layin nan guda na cikin fom, inda ake rubuta jami'ar da mutum ya fi so, shi ya riƙa hana ni barci.

Zanen gine-gine nake son karantawa, kuma jami'o'i biyu ne a gabana. Ga Jami'ar Bayero a garinmu, wadda ta faro a matsayin kwaleji a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello kafin ta tsaya da ƙafarta a 1977. Makaranta ce mai suna, yawancin malaman da suka koyar da ni 'ya'yanta ne, kuma in na shiga kullum a gida zan kwana. Ga kuma ita Jami'ar Ahmadu Bellon, wato ABU, a Samaru, wadda aka buɗe a 1962, amma sashenta na zanen gine-gine ya girme ta, don tun shekarun 1950 ake koyar da shi a Zariya, zamanin kwalejin kimiyya da fasahar da jami'ar ta gada. Malaminmu na zane a sakandare can ya yi karatu. Shi ya fara nuna mana hoton cikin tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina da ƙasa a ƙarni na 19, ya bi bakan gizon rufin da yatsa yana yi mana bayanin yadda nauyi ke saukowa daga sama zuwa ginshiƙai. Tun ranar zuciyata ta karkata can. Sai dai karatun nan ba ya ƙarewa a shekara huɗu. Bayan digirin farko akwai wasu biyu na digiri na biyu kafin a fara maganar zama cikakken mai zane, wato duk inda na rubuta, shekara shida na rubuta wa kaina.

Rajistar ta zo daidai lokacin ƙarancin takardun naira, sai da Abba ya sha fama kafin a biya kuɗin fom. Matakan ba su da wuya. Za ka tura lambarka ta NIN zuwa 55019 da layin wayarka, a turo maka wata lamba, da ita za ka sayi fom, sannan ka tafi cibiyar da JAMB ta amince da ita a ɗauki hotonka da zanen yatsunka. Kafin in fita Abba ya riga ya yanke hukunci: "Bayero za ki saka, Uwata. Ga makaranta a gida, me za ki je nema a wani gari?" Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake kirana haka, kuma ban saba musa masa ba. Da na zauna gaban mai kwamfutar na ce Bayero, sannan na tambaye shi a hankali ko zan iya saka ABU a zaɓi na biyu. Ya girgiza kai ya ce, "Ƙanwata, manyan jami'o'in tarayyar nan ba sa waiwayar zaɓi na biyu. Masu zaɓarsu a farko ma sun yi musu yawa. In kina son ta, sai dai ta zama ta ɗaya." Na saka jami'ar jiha ta Wudil a gurbin, na karɓi takardata na fito. Wannan magana tasa na so a ce ana faɗa wa ɗalibai tun suna aji, domin da yawanmu gani muke kamar za a jera mana makarantu ne mu zaɓa bayan sakamako ya fito, alhali zaɓin an gama shi tun a kujerar rajista.

Mun rubuta jarrabawar a ƙarshen Afrilu, sakamako ya zo ta saƙon waya: 247 cikin 400. A shekarar JAMB ta tsayar da 140 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a, amma kowa ya san fanni irin nawa a babbar makaranta yana neman abin da ya haura haka nesa. Na kai wa malaminmu sakamakon. Ya yi mini bayanin yadda jami'o'in tarayya ke rabon gurbi: kashi 45 bisa cancanta zalla, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimin boko. Ya ce Kano tana cikin yankin jami'o'in biyu, don haka da wannan maki kowacce na iya ɗaukata. Sannan ya ƙara da cewa ƙofa ba ta rufe ba tukuna. Akwai canjin makaranta, a biya ɗan kuɗi a cibiya a sauya zaɓin farko, muddin an yi kafin jami'ar ta rufe fom ɗin jarrabawarta ta tantance ɗalibai, wato Post-UTME.

Daga nan tsorona ya fito fili. Da can ina iya gaya wa kaina cewa Abba ne ya hana. Yanzu da hanya ta samu, sai na tarar ni ma ƙafata ta yi nauyi, kuma hostel ne dalili.

Duk abin da na sani game da hostel a bakin mutane na ji shi, kowa da labarin makarantarsu. Wata 'yar unguwarmu ta ce ɗakin da aka yi don mutum huɗu sai ka tarar adadin ya ninka saboda 'yan raɓe. Wata ta nuna mini tabon kuɗin cizo a hannunta. Wata ta ce ta shanya atamfarta sabuwa, ta shiga ɗaki ta fito babu ita. Ni kuwa abin da ya fi tsaya mini a rai banɗaki ne. Ko a gaban Umma ban iya canza kaya ba, to yaya zan yi wanka a wurin da mutum ɗari ke shiga? Yaya zan yi sallar asuba in 'yan ɗakin ba sa son a kunna fitila? Duk da Sabon Gari ba ta da nisa da mu, ban taɓa cin abinci kwano ɗaya da wadda ba Musulma ba, ban kuma san ta inda ake fara zama da ita ba. Ga ciwon mara da nake yi duk wata, irin wanda ke kwantar da ni har in yi amai, Umma ce ke dafa mini ruwan zafi ta zauna a kaina. Na kan kwanta in yi ta hasko kaina a saman gado mai hawa biyu, tsakar dare, ina murƙususu, kowa na barcinsa. Hatta littafin da JAMB ta wajabta mana karantawa a shekarar bai taimaka ba, don labarin wata budurwa ne a ciki da ta yi zaman hostel a Zariya, ƙarshenta aka kore ta saboda satar amsa. Na san ƙagaggen labari ne da aka rubuta don jan kunne, amma a lokacin komai ƙara mini fargaba yake.

Maganar da ta fi yi mini ciwo a gidan suna na ji ta. Wata daga cikin matan dangi, da ta ji ana cewa ina son Zariya, ta taɓe baki ta ce, "Yarinyar da ta yi zaman hostel ai idonta ya gama buɗewa. Wa zai kwasa?" Ɗanta na cikinta yana karatu a Maiduguri, shekarunsa nawa a ɗakin kwanan ɗalibai, ba wanda ya taɓa cewa idonsa ya buɗe. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, domin irin wannan magana ta tsayar da 'yan mata da yawa waɗanda suka fi ni ƙoƙari. Ba a kafa ta a kan wani abu da aka gani ba, kuma ba ta bar wa yarinya hanyar kare kanta, tunda laifin da ake ɗora mata ba ta riga ta aikata ba. Umma tana wurin, ba ta ce uffan ba. Ni ce 'yar fari, ko sunana ba ta faɗa, balle ta tsaya tana kare ni a gaban mutane. Amma da muka dawo gida na ga ta kasa cin abincin dare.

Ana cikin haka aka rantsar da sabon shugaban ƙasa ranar 29 ga Mayu, ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kuɗin adaidaita sahu ya bi ta. Na ɗauki takarda na yi lissafi. Daga Dakata zuwa sabuwar jami'a da ke hanyar Gwarzo sai na ratsa gari gaba ɗaya, hawa uku zuwa, uku dawowa: Bata, Kabuga, sannan makaranta. Kuɗin motar 'yan watanni kaɗan ya haura na gadon shekara guda. Gaskiya in an saka abincin da zan ciyar da kaina a Zariya, lissafin kusan kunnen doki yake, kuma na rubuta hakan ban ɓoye ba. Lokaci ne bai yi kunnen doki ba. Ɗalibin zanen gini a situdiyo, wato ɗakin zane, yake wuni, wani lokaci har dare, ga allo da manyan takardu da samfurin gini na kwali da ba sa son matsi. Bayero tana da ɗakunan kwana, amma na san Abba ba zai taɓa yarda in kwana a makaranta ba alhali gidansa yana cikin gari.

Ban iya tunkararsa da takardar ba, sai na kai wa Gwaggo, yayarsa, wadda ta yi makarantar kwana a Dala tun zamanin da ake ganin hakan abin mamaki ne. Ta karanta lissafin, ta ajiye, ta dube ni ta ce, "Wannan na ubanki ne. Ke kuma mene ne naki?" Sai kawai na fashe da kuka na zayyana mata komai, har maganar banɗaki. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ce ba komai ba ne. Cewa ta yi, "Gani ya kori ji. Shirya, Asabar za mu je ki gani da idonki."

Mun hau mota a Unguwa Uku da sassafe, muka bi ta Kura, Kwanar Dangora, Tashar Yari, muka sauka a Kwangila, daga nan muka kama ta Samaru. Tafiyar ba ta kai yadda nake zato ba, kafin hantsi ya gama ɗagawa muna bakin babbar ƙofa. 'Yar wata ƙawar Gwaggo da ke aji uku ta tarye mu, ta nuna mana hostel ɗin Ribadu daga waje, sannan ta shigar da mu na Amina inda take zaune. A bakin ƙofa akwai masu kula da shige da fice, sai da ta yi musu bayaninmu. Ta ce namiji ba ya wuce nan, ko da uban mutum ne. Gwaggo ta ce a fara kai mu banɗaki kafin ɗaki. Na tsaya na duba da kyau: ɗakunan wanka ne a jere, kowacce da bokitinta take zuwa, ta shiga da zaninta ta fito da zaninta. Wata ta wuce mu da hijabi a kan ɗaurin ƙirji, soso da sabulu a cikin ɗan kwando, ko kallonmu ba ta yi ba. Abin da na yi wata da watanni ina jin tsoro ke nan.

Ɗakin ya fi komai zauna mini a ido. Gadaje masu hawa biyu, kowacce mai gadon ƙasa ta kewaye nata da labule ko tsohon zani, ya zama ɗan ɗaki a cikin ɗaki. A ƙarƙashin gado bokiti, jarka, da akwatin kayan abinci mai kwaɗo. A jikin bango wata ta liƙa jadawalin lakca, kusa da shi wata ta rataye carbi, gadon da ke fuskantarsa kuma Baibul ne a kan matashi. Darduma tana naɗe a tsakanin gadaje biyu. Daga baranda ƙamshin albasa da ake soyawa yana shigowa, wasu na kitso a kan tabarma, wata na bitar karatu da ƙarfi ta toshe kunne ɗaya da yatsa. Na yi ta jero tambayoyi, ita kuma Anti, kamar yadda na riƙa kiranta, ba ta yi mini kwaskwarima ba. Ta ce ana ɗauke kaya in ka yi sakaci, don haka ka kulle lokarka, ka zauna kusa da shanyarka ko ka haɗa da ta wadda ka yarda da ita. Ta ce akwai ɗakin da ake zaman lafiya, akwai wanda ake wuni ba a gaisawa, kuma tsaftar wuri tana bin halin mutanen da ke cikinsa. Ta ce akwai 'yan mata masu fita yawon da bai dace ba, ba ta musa ba, amma ba wanda zai ja hannunka, kuma masu zuwa masallaci da karatun ƙungiyar ɗalibai Musulmi sun fi ƙarfin a ƙirga. Na tambaye ta in mutum ya kamu da ciwo da dare fa. Ta ce akwai asibitin makaranta a ciki, kuma ba ta taɓa ganin an bar marar lafiya ita kaɗai ba.

Kafin mu tafi na roƙa a kai ni sashen da nake so. Ko da yake Asabar ce, situdiyon a cike yake. A can ƙurya na hango wata da hijabi har ƙasa, ta naɗe hannun riga, tana yankan kwali da 'yar wuƙa a kan teburi, fensiri a bayan kunne ta saman hijabin. Na daɗe ina kallonta. A mota muna dawowa Gwaggo ba ta tambaye ni komai ba, ni ce na ce mata, "Gwaggo, zan iya."

Ita ta je ta samu Abba. Ban san abin da suka tattauna ba, na dai ji muryarta ta ɗaga sau ɗaya. Da aka kira ni na durƙusa a bakin ƙofa, ya daɗe yana duban takardar lissafina, sannan ya ce in yi istihara shi ma zai yi. Bayan kamar mako guda, yana shirin fita kasuwa, ya tsaya ya ce, "Uwata, ki je ki canza. Amana ce na ba ki, ki riƙe." Na ce, "In sha Allahu, Abba. Allah ya ƙara girma." A ranar na je cibiya, na ɗora yatsa, aka sauya, aka buga mini sabuwar takarda. Da sakamakon WAEC ya fito a Agusta na koma aka ɗora shi a shafin JAMB. Wannan mataki mutane da yawa suna mantawa da shi, musamman waɗanda suka yi rajista suna jiran sakamako, kuma in ba a ɗora ba jami'a ba za ta iya ba ka gurbi ba komai makinka. Ana neman kiredit biyar, har da Turanci da lissafi.

Sai ga 22 ga Satumba. 'Yan bindiga suka shiga gidajen da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau ke haya a Sabon Gida, suka tafi da ɗalibai, akasarinsu mata. Ba a yi mako biyu ba aka sake ɗauke ɗalibai mata biyar na jami'ar Dutsin-Ma, su ma a gidan haya a wajen makaranta. Abba yana zaune da rediyonsa a tsakar gida lokacin da aka karanta labarin na biyu. Ya kashe rediyon, gidan ya yi tsit. Na yi kuka a daren, don 'yan matan sa'o'ina ne, iyayensu ma amana suka ba su kamar yadda aka ba ni, kuma na tabbata maganar Zariya ta mutu. Da safe ya kira ni. Bai janye izininsa ba, amma ya kafa sharaɗi: "In kin samu gado a cikin makaranta, ki tafi. In babu, ba za ki kama haya a waje ba ko da kyauta ne. Ki dawo ki sake JAMB baɗi." Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Daga ranar hostel ɗin da nake gudu ya shiga cikin addu'ata ta kowace salla.

Jarrabawar Post-UTME a kwamfuta muka yi ta a Samaru, ba ta da tsawo. Jiran da ya biyo baya ne mai tsawo, domin yajin aikin malaman jami'a na wata takwas a 2022 ya hargitsa kalandar jami'o'in gwamnati, kowacce tana ƙoƙarin cike giɓi. Tun 2017 duk wani gurbi ta manhajar CAPS ta JAMB yake bi, wanda aka bayar ta bayan fage ba ya cikin lissafi, kuma mai shi kan sha wuya in lokacin bautar ƙasa ya zo. Kullum sai na duba. Ranar da shafin ya canza, sunan jami'a da fannin suka fito, a ƙasa ga maɓalli biyu, na karɓa da na ƙi. In ka karɓa ka rufe wa kanka sauran ƙofofi na wannan shekarar. Na kai wa Abba wayar, ya sa tabarau ya karanta, ya ce, "Bismillah, danna."

Saura gado. A kusan duk jami'o'in gwamnati ɗalibai sun fi gadaje yawa, shi ya sa ake fifita sababbin shiga da 'yan ajin ƙarshe, kuma ko a cikinsu wanda ya riga shi ke samu. Sai ka gama tantancewa da takardunka na asali, ka biya kuɗin rajista ta manhajar biyan kuɗi ta Remita, sannan shafin makaranta zai ba ka damar neman gado. In ka samu, ɗan lokaci ake ba ka ka biya, in ya wuce gadon ya koma hannun wani. Anti ta riƙa sa mini ido a kan ranar buɗewa. Da ta kira, Yaya ɗan Gwaggo ya zo da kwamfutarsa, ni ina kan waya, Umma tana zaune a gefe da carbi kamar ba ta san abin da ake yi ba. Muna ta dannawa shafin yana juyawa, har can ya buɗe da lambar ɗaki da ta gado. Yaya ya yi kabbara. Washegari tun kafin a buɗe banki muna bakin ƙofa.

Umma ta yi kwanaki tana haɗa kaya ba tare da ta ce don ni take yi ba: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, yaji, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, dambun nama, man shanu a kwalba. Katifa, gidan sauro, bokiti biyu, kwaɗo, duk a jakar bakko. A can ƙasan jakar daga baya na tarar da robar gasa ciki sabuwa, an naɗe ta a cikin ɗankwalinta. Abba da kansa ya kai ni. A bakin ƙofar hostel ya tsaya inda maza ke tsayawa, ya ce in riƙe salla, in riƙe karatu, kada in ci bashi, ya juya da sauri.

Gadon sama na samu. Daren farko na shige gidan sauro na juya wa ɗakin baya ina hawaye a hankali, sai na ji an ƙwanƙwasa ƙarfen gadon daga ƙasa. Mai gadon ƙasan ce, 'yar Binuwai, Kirista, tana ajin ƙarshe, Hausarta ta zaman Zariya. Ta ce, "Jambito, kin ci abinci? Sauko." Jambito kuwa sunan da ake kiran sababbin shiga ne. Ta zuba mini shinkafa, da ta ga na yi jim sai ta ce, "Kifi ne, ci abinki." Tun daga nan ita ma Anti nake ce mata. Ita ce ta tsara cewa duk mai tashi da asuba ta yi amfani da fitilar waya, ita kuma in za ta yi waƙoƙin cocinta da safiyar Lahadi sai ta bari mun idar da azkar. Ranar da ciwon marata ya tashi tsakar dare, kafin in yi magana ta ji motsina. Ta dafa ruwa ta cika robar, ta sauko da ni gadonta, ita ta hau nawa. Da abin ya ƙi lafawa, ita da wata 'yar Azare suka riƙe ni har asibitin makaranta, suka zauna har gari ya waye.

Akwai abubuwan da har yanzu ban saba da su ba. Babu kaɗaici a hostel ko na minti goma, kullum akwai mai waya, mai dariya, mai baƙuwa. In ina son in yi tunani sai in tafi ɗakin karatu na Kashim Ibrahim ko in zauna a masallaci bayan la'asar. Mun taɓa yin kwanaki ba ma magana da wata a kan tukunyata da take ɗauka ba ta tambaya, ta dawo da ita ba wanki, sai da Antin ɗakinmu ta zaunar da mu. Takalmina ɗaya ya ɓata a baranda. Kuɗi yakan ƙare kafin wata ya ƙare, a nan garin kwaki da ƙuli suke nuna amfaninsu. Azumin farko da na yi a can ya yi mini nauyi ƙwarai, ana kiran magariba sai in tuna kunun tsamiyar Umma da hayaniyar ƙannena, ko da yake mukan haɗa kwanuka a baranda mu sha ruwa tare, har waɗanda ba sa azumi su kawo nasu. Ƙawata da ta zauna a Bayero tana jin daɗin karatunta, tana kwana a gida, kuma ranar da ta ce mini ita ba za ta iya rayuwata ba na yarda da ita, don gidansu yana Rijiyar Zaki, hawa ɗaya ne zuwa makaranta.

Sharaɗin Abba yana nan bai canza ba, kuma wanda ya wuce ajin farko ba shi da fifikon da sabon shiga ke da shi. Don haka duk farkon zango sai an sake wannan fafutuka. Mun yi magana da Gwaggo, ta ce akwai wata ƙawarta ma'aikaciya da ke zaune a gidajen ma'aikata na cikin makaranta, in gado ya gagara za ta roƙe ta in zauna a wurinta, kuma Abba ya amince da hakan tunda cikin makaranta ne. Kuɗin rajista na riga na biya da wuri, Yaya kuma ya ce in kira shi da zarar an sanar da ranar buɗe shafin.